Ishaƙu Makaɗi da Taken Namadi

Gidan Na Allah ƙauye ne da bai wuce gida talatin ba, a gefen hanyar da ke fita daga Korgom ta yi arewa. A shekarun ƙarshe kafin Nasara su iso Tasawa, abu biyu aka san ƙauyen da su: rijiya mai wahalar ja, da 'yan kokawa. 'Yan kokawar ma ba manya ba ne. Ba a taɓa kiran su ƙofar Sarki ba. Filinsu bayan kasuwannin ƙauye ne in an gama kaka, inda ladan wanda ya yi kaye bai wuce goro da guɗar mata ba, in rana ta yi kyau a haɗa masa da zakara.

Ishaƙu shi ne makaɗinsu. Gangar gunduwa ya gada a wurin ubansa, da gona ɗaya mai yashi. Mutum ne siriri, mai saurin tafiya, wanda bai taɓa kama kowa da kokawa ba tun da aka haife shi. Amma shi ya tara samarin, shi yake bin kasuwa kasuwa yana nemo musu abokan karawa, kuma duk abin da suka yi yana cikin kansa. Ka tambaye shi wa ya kayar da wa a garin Sarkin Hausa shekarar fari, zai faɗa maka, har da ƙafar da aka kwashe.

Su bakwai ne. A cikinsu uku ake zance. Akwai Auta, gajere mai faɗin ƙirji, wanda yake shigewa ƙarƙashin mutum ya ɗaga shi kafin ya gama gyara walki. Akwai Ɗanjuma, ɗan Buzayen da suka sauka a gefen gari da awakinsu, dogo, gwanin taɗiya, mai dariya ko shi aka kayar. Sai Namadi. Namadi sa'ar Ishaƙu ne, tare aka yi musu kaciya. Kaka shida yana shiga fili, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Kowane ɗaya a cikinsu yana da takensa, wato kiɗan da Ishaƙu ya ƙirƙira masa shi kaɗai, wanda ba a kaɗa wa kowa. Na Namadi cewa yake: Gawo na bakin gona, rani bai kaɗe ka ba. Kuma a wurinsu take ba abin wasa ba ne. In makaɗi ya kaɗa takenka a bainar jama'a, sai ka tashi, ko zazzaɓi kake. Wanda ya zauna aka gama takensa yana zaune, har ya tsufa ana nuna shi da baki. Saboda haka ɗan kokawa bai da ikon cewa a'a. Ikon yana hannun makaɗi.

A kaka ta shida, a Gidan Amumune, Namadi ya yi kaye amma kafaɗarsa ta dama ta goce. Aka kai shi wurin wani tsohon maɗori, ya mayar da ita, ya ɗaure. Da zai sallame su ya ce: "Na mayar, amma sau ɗaya take komawa lahiya. In ta sake fita, ba kokawa ba, hauya ma ya manta da ita."

Kafaɗa ta warke. Namadi ya yi noman damina da hannu biyu, ya cika rumbu. Da aka fara yankan gero, samari suka fara shafa wa walki mai, sai wata safiya Husaina, matar Namadi, ta zo zauren Ishaƙu da goyo a baya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, suka gaisa.

"Makaɗi, wurinka na zo, ba wurin matarka ba."

"To, lahiya dai?"

"Lahiya lau. Ka ji abin da maɗori ya ce. Ni na yi mishi magana, shina dariya. Uwarshi ta yi mishi, ya ce ya ji. Amma ni na san mutumena. In ya ji gangar nan, ko ɗaure shi aka yi sai ya tsinke. Mu biyar muke ci a hannun nan guda."

"Haba Husaina, ni zan kashe abokina?"

"Ban ce ba. Roƙo na zo yi. Kaɗa na kowa, ka bar nashi."

Ishaƙu ya dafa gunduwar da ke rataye kusa da shi ya ce: "Ga ta nan tana ji. Taken wanga na binne shi. Tahi ki kwantar da hankalinki."

Da gaske yake a lokacin. Kasuwa uku suka je bai kaɗa ba, Namadi ma bai bi su ba. Sun yi kaye, an kayar da su, kamar yadda aka saba.

Ta huɗu ita ce ta Korgom. Da za su tashi sai ga Namadi da riga da hula, ba walki, ba laya a damtse.

"Ina zuwa, Gawo?" in ji Ishaƙu.

"Kasuwa. Gishiri zan sayo."

"Gishirin da Buzaye ke kawo maka har ƙofa? Koma gida."

"Kallo ma haramun ne? Kai da wannan ƙafa kamar sillen kara, kai za ka koro ni?"

Aka yi dariya, aka kama hanya.

A shekarar nan mutanen Korgom suna da wani ƙato, Mahaman na Hindu, wanda ake cewa ya taɓa kokawa a Tasawa. Bayan la'asar aka share fili, jama'a suka kewaye. Ishaƙu ya kaɗa wa Auta. Auta ya shiga ƙarƙashi kamar yadda ya saba, Mahaman ya zauna masa a wuya kawai, hannun Auta ya dafa ƙasa. Ya kaɗa wa Ɗanjuma. Ɗanjuma ya kai taɗiya, ya ji kamar gindin kuka ya taɗe, aka ɗauke shi aka ajiye. Wannan karon bai yi dariya ba. Biyu suka ƙara shiga, biyu suka fito da yashi a baya. Huɗu ke nan, mutum ɗaya, ko zufa bai yi ba. Sauran biyun da suka rage suka sunkuyar da kai, suna addu'a kada a kaɗa nasu.

Makaɗin Korgom ya zagayo har gaban Ishaƙu yana kiɗa yana rangaji.

"Ɗan'uwa, sayar mini da gangar taka mana! Kajina ba su da abin shan ruwa."

Fili ya ɗauki shewa.

"Ko akwai saura? An ce kuna da wani icce a garinku. Gawo ne ko tumfafiya?"

Matan Korgom suka saki guɗa. Ishaƙu ya ji kunnuwansa suna zafi. Ya waiwaya. Namadi yana zaune a sahun gaba, ya haɗa hannuwa a gwiwa, idonsa a ƙasa, yana zana yashi da babban yatsan ƙafa. Bai dubi Ishaƙu ba. Bai roƙi komai ba.

Wannan shi ne abin da ya tsaya wa Ishaƙu a rai har ƙarshen kwanansa. Da Namadi ya ɗago ya yi masa ido, da ya sami abin da zai riƙa faɗa wa kansa. Bai ɗago ba. Kuma Ishaƙu bai manta da komai ba a lokacin. Ya tuna maɗori, ya tuna Husaina a bakin zaure. Sai ya ce a ransa, bakin taken kawai zan taɓa, a hankali, don su san muna da shi, in tsaya.

Ya taɓa. Gawo na bakin gona.

Yatsan Namadi ya daina zane. Jikinsa ya fara tsuma tun daga wuya. Mutanen Gidan Na Allah suka gane kiɗan, suka miƙe suna ihu, kuma daga nan babu sauran tsayawa, don taken da aka fara a gaban jama'a ba a yanke shi. Namadi ya cire hula, ya cire riga, ya miƙa wa Auta hannu ya karɓi walkinsa. Da zai wuce ta gaban Ishaƙu ya ce, ba fushi ba murna: "Ka kira, na zo."

Suka kama. Mahaman ya tura, Namadi bai motsa ba. Suka zagaya fili, yashi yana tashi. Mahaman ya gane inda rauni yake, don Namadi yana ɓoye dama yana ba da hagu, sai ya dinga neman damar. Da Namadi ya ga haka, sai ya ba shi ita gaba ɗaya: ya zura hannun a ƙarƙashin cinyar Mahaman, ya ɗaga ƙaton nan sama har aka ga tafin ƙafarsa, ya buga shi da ƙasa.

Kasuwa ta kaure. Amma Ishaƙu yana kusa, kuma kunnen makaɗi ne da shi. Kafin ƙarar faɗuwar ya ji wata ƙaramar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Namadi yana tsaye a tsakiyar fili yana murmushi, hannunsa na dama yana lilo kamar ba nasa ba.

A kan jaki aka dawo da shi, samari suna waƙa gaba da baya. Mai gari ya fito da kansa ya tare su. Aka ba shi labari, ya sa aka jawo rago, ya damƙa igiyar a hannun Ishaƙu.

"Yau hannunka ya fitar da mu kunya. Da ka yi shiru, da mun daina cin kasuwar Korgom."

Kowa ya zo sai ya dafa Ishaƙu. Tsofaffi suna sa masa albarka. Shi kuwa idonsa yana kan ƙofar gidan Namadi, inda Husaina ta fito ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta dubi hannun mijinta, ta dubi Ishaƙu da igiyar rago, ta kama jakin ta ja shi ciki.

Maɗori ya yi iyakar yinsa. Ƙashin ya koma, ya sake fita, ya koma, daga baya ya ƙi zama. Kafin rani ya raba, hannun ya fara tsotsewa. Ishaƙu ya aika da ragon nan gidan Namadi. Kafin azahar ya same shi ɗaure a turken ƙofarsa. Ya sake aikawa, aka sake dawo da shi. Daga nan ya daina bin ta layin gidan, yana zagayawa ta bayan rumbuna ko masallaci za shi.

Abin da ya fi ci masa rai, Namadi bai riƙe shi ba. Kullum yana bakin rijiya yana ba da labarin Korgom da hannun hagu, in ya hango Ishaƙu sai ya ɗaga murya: "Ga mai gangar nan! Zo ka faɗa musu yadda ƙaton ya yi ƙara." Ishaƙu sai ya yi yaƙe ya ce yana sauri.

Sunan Gidan Na Allah ya tashi, ƙauyuka suka fara aiko musu da goron gayyata, har daga wajen Mayahi. Suka je, ba Namadi, aka kayar da su a mafi yawan wuraren. Bayan kaka biyu Ɗanjuma ya bi iyayensa arewa, Auta ya yi ciwon gwiwa, aka koma yadda ake da. Ishaƙu ya ci gaba da kaɗa wa ƙannensu har ya yi furfura. Amma gonarsa da take ba shi dami arba'in ba ta ƙara kaiwa talatin ba, kuma dalilin ya faro ne tun daminar farko bayan Korgom.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Shuka da sauƙi, Namadi ya sara da hagu, Husaina tana bi tana zuba iri. Da gero ya fito, ciyawa ta taso tare da shi, lokacin noma ya yi. Gonar Ishaƙu tana gaba da ta Namadi, ba hanyar zagayawa. Da hantsi ya zo wucewa da hauyarsa a kafaɗa, ya hango abokinsa shi kaɗai a tsakiyar gona. Hauyar ƙasar nan doguwa ce, a tsaye ake tura ta da hannu biyu. Namadi ya tokare ƙotar da ƙirjinsa, ya riƙe da hagu, ya tura. Bakin hauyar ya karkace ya yanke gero maimakon ciyawa. Ya gyara, ya sake turawa, ta suɓuce ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya ɗauki hannun dama da na hagu ya ɗora a kan ƙotar, hannun ya zame ya koma yana lilo. Ya tsaya yana kallon gonar, tun daga inda yake har bakin iyaka, duk kore shar da ciyawa. Babu kowa a wurin da zai ba labarin Korgom.

Ishaƙu ya tsallaka iyaka. Bai yi sallama ba. Ya sa hauyarsa daga inda Namadi ya tsaya ya fara turawa.

"Kai, mi kake yi? Taka gonar fa?"

"Tana nan."

"Ciyawa za ta cinye ta."

"Ta ci."

Namadi ya ajiye hauyarsa. Ya koma gindin wata bagaruwa ya zauna, ya juya baya.

Rana ta take tsaka Husaina ta iso da ƙwaryar fura a ka. Ta ga wanda yake noma. Ishaƙu ya ci gaba da turawa, zufa tana shiga masa ido, yana jiran ko mi za ta ce, don tun ranar Korgom ko gaisuwarsa ba ta amsa ba. Ta sauke ƙwaryar a gaban mijinta. Ludayi ɗaya ne a ciki. Sannan ta tako cikin gonar tana duba inda aka nome, kamar mai duba aikin ɗan ƙodago.

"Makaɗi."

"Na'am."

"Ka bar ciyawa a bayanka. Ga ta can, ga ta can. In za ka yi, yi da kyau. Gobe ma da sauran aiki, da jibi."

"To," in ji Ishaƙu.

Ya juya ya koma farkon gonar.