Kawu Ilu Bai Yarda Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa tseren babura a fakon bayan Wagini ya san ba a tashi sai Kawu Ilu ya shinshina tanki. Wallahi ɗaya bayan ɗaya! Ya buɗe murfi, ya cusa hanci, ya ɗago yana hararar mai babur.

"Kai, man nan naka ƙamshi yake. Me ka zuba?"

"Fetur ne, Kawu."

"Ban yarda ba."

Maganarsa ke nan, ku da kuka san shi. Ko sallama ka yi masa, sai ya leƙa bayanka ya ga da wa kuka zo.

Fakon nasa ne, gadon kakanmu, ko ciyawar kirki ba ya fitarwa. Da jakuna aka fara tsere a kansa bayan roron wake, aka koma kekuna, sannan babura suka zo. Duk shi ne alƙali, kuma bai taɓa yarda da wanda ya ci ba. Shekarar da Sani Bakanike na Zakka ya zo na ɗaya, Kawu ya ce a musanya babura a sake. Aka sake, Sani ya kuma cinyewa.

"To yanzu fa, Kawu?" in ji Sani.

"Ashe a jikinka abin yake. Tuɓe rigar!"

Akwai ranar da wani alhaji ya zo daga Katsina da ƙatuwar mota, wai zai zuba mana kwalta, ya kafa rumfuna, duk kyauta. Mu har mun fara tafi. Kawu ya jawo ni gefe.

"Ɗan nan, je ka tsaya kusa da jakina."

Amma abin da ya fi ƙona mana rai zagayen nan nasa ne. Kafin a tashi sai ya cire takalmi ya taka filin kaf, sannu-sannu, rana tana gasa mu a kan babura.

"Haba Kawu! Me kake nema ne?"

"Layar da aka binne."

Bai taɓa tono laya ko ɗaya ba. Duwatsu dai da tsofaffin ƙusoshi yake dawowa da su cike da aljihu, mu yi ta dariya.

Bara ya rasu. Bana aka jera babura, har da Habu, babban ɗana, karonsa na farko. Samari suka ce a tashi kawai, tsohon mai ɓata lokaci ya tafi. Maganar ta yi mini zafi, na cire takalmi na shiga. A kwanar gindin kuka, inda kowa ke kwantar da babur a guje, ƙafata ta burma har ƙwauri. Ramin gafiya ne, ƙasa ta rufe bakinsa, ido ba ya gani. Na waiwaya na hango Habu yana murza totur. A nan na tuna, duk zamanin Kawu ba wanda ya taɓa karyewa a fakon nan.

Na cike ramin na daddaɓe shi. Habu ya ɗaga murya, "Baba, ai yanzu lafiya lau!"

"Ban yarda ba," na ce masa, na sake zagayawa.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu. Yadda ya yi ta share mana hanya muna yi masa dariya, Allah ya share masa tasa.