Bugun da Attahiru ya ajiye

Attahiru mai gyaran fanka maƙwabcina ne a Damba. Daga Furfuri ya zo Gusau, ba mata ba ɗa, kuma in ba fanka ce ta kawo ka ba, gaisuwa kawai za ka samu a wurinsa. Mutum ɗaya na taɓa ganin ya sa shi dariya: Mahadi tela.

Suna da wani tsohon gem da suke jonawa a talabijin, irin wanda ake tafiya dama ana jibgar 'yan daba har a kai ga ogansu. A cikinsa akwai wani bugu da aka kulle, ba ya buɗewa sai an kayar da oga na ƙarshe. A kan wannan kulle suka shekara suna musu. Mahadi ya ce zalunci ne, ka sayi abu a hana ka rabinsa. Attahiru ya ce in an ba ka komai yau, me zai dawo da kai gobe?

Saura oga ɗaya mahaifin Mahadi ya rasu, ya koma Tsafe riƙon gida. Ya ce bayan salla zai leƙo. Salla ta wuce, wata ta biyo.

Kullum bayan la'asar Attahiru zai yi wasan shi kaɗai, ya doke kowa, ya zo ƙofar oga, ya kashe talabijin. Na sha yi masa tsiya, gemu har ƙirji ana tsoron zanen cikin talabijin. Ba tsoro ba ne, na sani. Jira yake, kuma abin yana ba ni tausayi.

Ran nan ina shagon Attahiru sai Mahadi ya kira shi a waya. Attahiru ya buɗe muryar wayar don in ji, ya ce:

"Yaushe kake tahe? Bugun nan hwa na aje muna, ban taɓa shi ba."

Mahadi ya yi dariya. "Wane bugu? Au, wanga? Ai tun bara muka buɗe shi nan Tsafe, ni da Sani maƙwabcina. Ba wani abu ba ne, tsalle ne da naushi biyu."

"To, madalla," in ji Attahiru.

Da la'asar ya kunna, ya wuce ƙofar, ya kayar da ogan ba wahala. Bugun ya buɗe. Ya gwada shi sau ɗaya, ya zare wayar gem ɗin, ya jawo wata fanka ya fara kwancewa.