Okid ɗin Madam Rifkatu ya yi fure

Madam Rifkatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina durƙushe ina ɗaura wa 'yata takalmin makaranta. Ƙaninta Mista Ishaya ne ya kira, ko gaisuwa babu. Ya ce, "Talatu, Madam naku ya tafi fa." Na ce ta tafi ina, wani asibitin aka mai da ita? Sai na ji yana kuka.

Ku yi haƙuri da rubutun nan yadda ya zo.

Ga wanda bai san ta ba, ita ta koyar da ni bayoloji a sakandare nan Jimeta. Da na gama karatu aka turo ni koyarwa makarantar, sai ga ni teburi ɗaya da ita a ofishin malamai.

Ranar da na fara shiga aji yara suka raina ni, na fito ido jawur. Ta dai turo mini gorar zoɓonta mai sanyi. Washegari ta ɗauki jan bironta ta zauna a kujerar baya ta ajina kamar mai duba jarrabawa. Ajin ya yi tsit. Sai da ta ga na tsaya da ƙafata sannan ta daina zuwa.

Da na haihu ita ta ɗauke mini darussana gaba ɗaya, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa tada maganar ba.

Amma fa akwai faɗa. Ka kira shuka da sunan da ba nata ba a gabanta, ranar ka shiga uku.

Duk wanda ya taɓa shiga gidanta a Jambutu ya san abin da ke maƙale a reshen mangwaron tsakar gida. Mu malamai ɗan autan Madam muke ce masa don tsokana.

A gabana ta samo shi, shekarun baya. Mun je ƙauyen Bako sayen masara, muka tarar an kayar da wata giginya a bakin gona. A wuyan giginyar ga wani cunkus, karansa gaɓa-gaɓa kamar ƙaramin rake, ga saiwoyi farare, wasu sirara sun miƙe sama kamar tsintsiya. Madam ta saki buhu ta durƙusa a cikin rana.

Dattijon mai gonar ya ce, "Malama, kauci ne, ba shi da amfani."

Ta ce, "A'a, Bappa. Kauci huda itace yake yi, yana shan jininsa. Wannan zama kawai yake a kai. Duba saiwar, a waje take. Iska da ruwan sama yake ci."

A cikin keke napep muka taho da shi, yana kan cinyata, tururuwa na bin hannuna, ina mita tana dariya.

Ta ce dangin shukar nan mai fure ne da ake kira okid a Turance, wannan ba ta ko shakka. Wane iri ne, nan ne ta ƙi yanke hukunci. Tana zargin mai furen nan ne da ake alaƙanta shi da damisa, ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige ruwan ƙasa. Na ce to Madam ki ce shi ne mana mu huta. Ta harare ni ta ce, "Ganye yana ruɗi, kara yana ruɗi. Sai na ga fure da idona zan kira sunansa."

Shi ke nan fa aka shiga jira.

Ba ta sa shi a ƙasa ba, ta ce ruɓewa zai yi. Tsohon zanenta ta yaga ta ɗaure shi a reshen da rana ke taɓawa da safe kawai. Kun san zafin Yola. Ruwan tanki kan koma kamar na shayi, don haka a randa take kwantar masa da nasa, ta yayyafa wa saiwar tun rana ba ta ɗaga ba. In zafi ya kai maƙura ta jiƙa buhun algarara ta rataya kusa da shi, ta ajiye baho da ruwa a ƙasa. Saiwoyin suka kama reshen ƙam har zanen ya ruɓe ya faɗi.

Ya yi ganye, ya yi 'ya'ya, ya cika reshe. Fure dai shiru, shekara da shekaru.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne, ran Lahadin da ta wuce bayan an tashi coci. Ta rame sosai, muryar ma sai na sunkuya nake ji. Na ce, "Madam, ɗan autanki fa? In je in ba shi ruwa?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Bar shi. Tun da damina ta ɗauke na yanke masa ruwa da gangan. Gata ne ya yi masa yawa. A kan giginya wa ke ba shi ruwa da rani?"

Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Kafin a kawo ni nan na ga wani tsiro a kan karan, ban tabbata ba. Ki leƙa mini. In fure ne ki ɗauko hoto, kusa-kusa, in ga ɗigon."

Na je. Gida a kulle, makulli na wurin Mista Ishaya, shi kuma daga ƙauye ya zo jinya, a asibiti yake kwana yake tashi, yana ta fafutukar jini da magani. Ban iya buɗe baki na ce wa mutumin nan ya bar 'yar'uwarsa ya zo ya buɗe mini gida don fure ba. Na zagaya bayan katanga na taka bulo na leƙa. Ganyen mangwaro kawai nake gani. Na ce bari in ta ɗan ji sauƙi.

Yau da na isa gidan hantsi ya yi. Ƙofa a buɗe, mata sun cika ɗaki suna waƙa a hankali, mazan cocinsu sun kafa kanofi a tsakar gida suna jera kujeru. Na gaisa da mutane, na yi kukana. Sai na ɗaga kai.

Babu reshen.

Na samu Mista Ishaya na ce, "Baba, reshen nan fa?"

Ya ce, "Ya tare kanofi ne, 'yata, mutane za su zauna a rana. Na ce su sare. Duk ma kauci ya cinye shi. Mun zubar a baya."

Idonsa ya kumbura, ko takalmi babu a ƙafarsa. Na ce, "To, Baba."

Na zagaya bayan katanga. Okid ɗin yana nan kan juji a cikin rana, an ɓamɓare shi da adda, saiwoyin duk a datse. Na juya shi.

Wallahi ya yi fure.

Doguwar zangarniya guda, cike. Ruwan ɗorawa, da ɗige-ɗige ruwan ƙasa, daidai yadda ta yi ta kwatanta mana har muka gaji da ji. Wasu an taka su, wasu ko buɗewa ba su yi ba. Kenan yana can a buɗe tana kwance tana tambaya, tsakanina da shi katanga ce kawai da ganyen mangwaro.

Na zauna a ƙasa wurin. Na ciro waya na ɗauki hoton kusa-kusa yadda ta ce, sannan na tsaya ina kallon wayar, ban san wanda zan tura wa ba.

Yanzu yana gidana, a inuwar baranda, kan jiƙaƙƙen buhu. Babu wuta, ko fanka ba zan iya kunna masa ba. Ban sani ba ko in ba shi ruwa ko in bar shi. Ta koya mini yadda ake kula da mai lafiya, ba ta koya mini na wanda aka sare ba.

Abu ɗaya na tuna. Ta taɓa cewa fure yana cinye ƙarfin shuka, in shuka ta ji ciwo sai a cire furen ko ta rayu. Tun azahar reza na hannuna. In na yanke, na yanke abin da ta yi shekaru tana jira. In na bari, wataƙila duka su tafi. Maƙwabciyata ta ce in yanka in ɗora a kan akwatin gawar Madam, amma sai 'ya'yanta sun iso za a kai ta ƙauye, kafin nan ya bushe ƙayau a zafin nan.

Na kasa. Na ɗauki rezar na ajiye, na ɗauka na ajiye.

In akwai wanda ya san kan irin wannan shuka a Jimeta ko cikin Yola, don girman Allah ya yi mini magana yau, kafin ranar gobe ta fito. Furannin ƙasa sun fara sunkuyawa.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Rifkatu, ka ba ta hutu a wurinka, ka ta'azantar da 'ya'yanta da mu ɗalibanta. Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ina roƙo ya ɗan tsaya ya sa mu a addu'a.

Ku sa Mista Ishaya ma. Shi ba ya hawa intanet, bai kuma san darajar abin da ya sa aka sare ba. Don Allah kada wanda ya kai masa.