Yaya, Daɓen Ya Bushe

Ranar Talata, bakwai ga watan Mayu, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda unguwa ta sani da Direba, mu kuma a gida muke tsokanarsa da Sai-ya-bushe. Yana zaune a kan benci a ƙofar garejinsa, makullin yana aljihunsa, zuciyarsa ta tsaya. Mai shagon da ke kallon gidan ne ya kira ni a waya. Na ajiye almakashi a kan yadin mutane, na fito ko shagona ban rufe ba. Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma.

Yaya, wannan suna na Sai-ya-bushe ni na laƙaba maka, kuma ka san dalili. Tun muna yara ka yi wa kekenka fenti, na yi ta zagaya shi ina roƙon ka bar ni in hau, kai kuma amsarka ɗaya ce: sai ya bushe. Haka ka girma. Ni Allah Ya yi ni da gaggawa, shi ya sa har yau nake farke ɗinki. Kai kuwa ka shekara talatin da wani abu kana tuƙa motar ma'aikata, ba a taɓa jin ka goge ko katangar wani ba. Bayan ka yi ritaya, 'yar motarka ta zama ta unguwa. Mata nawa ka kai asibiti suna naƙuda? Da rufin shagona ya fara yoyo, ban gaya maka ba, sai dai na zo na tarar da kai a sama da guduma, kana yi mini faɗan na bar kwano ya ci tsatsa.

Amma abin da nake so in rubuta shi ne aikinka na ƙarshe, domin a nan na ƙara saninka.

Shekara biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama matarka, Anti. Gidanku kuwa ɗakunan duk a sama suke, a ƙasa babu komai sai gareji da matattakala. Matar da a da take zama a bakin ƙofa, ba mai wucewa bai gaishe ta ba, sai ga ta a sama, tagarta tana kallon bangon maƙwabta. Duk ranar zuwa asibiti kai kake goya ta ka sauko da ita. Da likita ya duba zuciyarka ya ce ka daina ɗaukar kaya mai nauyi, ka fito kana murmushi ka ce mini, "Tela, ai ba kaya nake ɗauka ba, matata ce." Amma ka ji maganar, na san ka ji ta. A makon ka sayar da motar, ka ce garejin zai zama ɗakin Anti, tun kana da ƙarfin yi.

Na ce mu shimfiɗa ledar ɗaki mu huta. Ka ce tayar keken da ake tura ta a ciki za ta naɗe leda, tsohon simintin kuma ƙura yake fitarwa, ga ta da tari. Ka ce ifoksi za ka shafa, wani fenti mai kama da gam da ake haɗawa daga gwangwani biyu, in ya sandare ya zama sumul kamar faranti. Na ce to a kira masu yi. Ka ce, "Masu yi za su gama yau su tafi. Ni ne zan gan ta a kai kullum."

Ashe shafawar ce ƙaramin aiki. Inda motar ta daɗe tana tsayawa, baƙin mai ya shige cikin siminti. Ka durƙusa da burushi da garin sabulu kana ta gogewa. Kakan ɗiga ruwa a wurin ka zuba masa ido: in ya dunƙule bai shige ba, ka ce da sauran mai, ka koma. Ka ɗauko hayar injin gugar siminti muka kankare daɓen har ya yi kaushi, ka bi kowace tsaga ka cike. Na ɗauka mun gama, sai na ga ka manna leda a ƙasa da salatif ka ce sai gobe. Washegari muka ɗaga, ƙarƙashinta ya yi gumi. Ka ce simintin da sauran laima, in aka shafa zai ɓare. Na ce, "Yaya, wannan fa gareji ne, ba ɗakin tiyata ba." Ka buɗe ƙofa da taga don iska ta shiga, ka kalle ni, na riga ka faɗa: sai ya bushe.

Ranar da ledar ta tashi a bushe, ka yi mini bayani kamar ɗan makaranta. Ka ce wannan abu da zarar an haɗa gwangwanayen biyu ba ya jiran kowa, ko waya kada in amsa. Ka juye su a bokiti, ka gauraya da sanda, na ɗauki rolar shafa fenti ke nan sai ƙararrawar Anti ta kaɗa daga sama. Wannan ƙararrawa kai ka ɗaura mata a jikin gado, ka ce duk lokacin da ta kaɗa za ka zo. Ka saki sandar ka hau. Na tsaya riƙe da rola, ban san ta inda ake farawa ba. Ashe matashin kanta ne ya zame, ka gyara, ka ba ta ruwa, ta ja ka da hira, kai kuma ba ka iya ce mata kana sauri ba. Kafin ka sauko bokitin ya ɗauki zafi, abin ya daskare, sandar tana tsaye a tsakiya ƙiƙam. Na fara mita. Kai kuwa ka yi dariya har ka dafa bango, ka ce, "To, wannan dai ya bushe." Ba ka taɓa gaya wa Anti ba.

Karo na biyu ka sa 'yarku Auta ta zauna da mahaifiyarta. Muka fara daga ƙurya muna ja da baya zuwa ƙofa, kai da ƙaramin burushi kana bin gefen bango, ni da rola. A shafi na ƙarshe ka barbaɗa wani yashi mai laushi, don ƙafar Anti mai lafiya ta samu abin tokarawa kada santsi ya kwashe ta. Ni wannan ko a mafarki ba zai zo mini ba. Kana ta haki, amma ka ƙi zama sai da muka fito. Ka bar tagar a buɗe, ka kulle ƙofar, ka ce ba mai shiga sai warin ya fita, daɓen ya yi ƙarfin ɗaukar keke. Kullum da yamma kana kan bencin nan kana gadinsa. A nan ajali ya same ka.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, Anti ta ce a sauko da ita. Na goya ta, Yaya, sai a ranar na san nauyin da kake ɗauka kana murmushi. Auta ta buɗe garejin da makullin da aka ciro daga aljihunka. Babu wari, babu ƙura, daɓen yana ɗaukar ido. Muka zaunar da ita a keke, na kama zan tura, ta ce, "Tela, sake ni." Ta sa ƙafarta mai lafiya ta tokari ƙasa, keken ya tafi. Ta sake tokarawa. Ita kaɗai ta kai kanta har bakin ƙofa, abin da ba ta yi ba tun da ta kwanta. Ta daɗe tana kallon titi da bencinka. Sannan ta ce, "Bai gaya mini haka ya yi kyau ba." Na juya baya na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Yanzu gadonta yana ƙasa. Da safe takan kai kanta ƙofa, masu wucewa suna tsayawa su gaishe ta kamar da. Bokitin nan mai sanda yana shagona, ban iya yar da shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti da Auta, da 'yan'uwa, da maƙwabtan da suka yi rashin Direba. Allah Ya ba mu haƙurin da shi ya yi ta koya mana. Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka Ya yalwata shi. Yadda ka sauƙaƙa wa baiwarsa hanya zuwa ƙofa, Allah Ya sauƙaƙa maka taka zuwa Aljanna. Daɓen ya bushe, Yaya, kuma Anti ta sauko. Allah Ya sa ka huta, amin.