Salbiah Mai Shinkafar Kwakwa da Harshen Uwarta

Duk wanda ke shiga babbar kasuwar birnin Ipoh, a ƙasar Malayawa, da safe ya san Salbiah binti Osman, mai shinkafar kwakwa a bakin layin masu kayan miya. Gajeriya ce kakkaura, ba ta ciniki biyu, ba ta kuma ba kowa haƙuri kan yajin miyarta. Da wannan tukunya ta aurar da 'ya'yanta, ta yi jinyar miji har rai ya yi halinsa, ta je Makka ta dawo. Washegarin dawowarta aka gan ta a rumfa tana naɗe shinkafa a ganyen ayaba.

Fuskarta ta Sinawa ce, wannan kuwa bai taɓa zama sirri ba. Tana jaririya aka miƙa ta ga Osman direban motar kuza da matarsa, Malayawa da Allah bai ba haihuwa ba, suka raɗa mata suna suka rene ta cikin Musulunci. A garuruwan haƙar kuza na wancan zamani an saba ganin haka. In yara suka tsokane ta da ƙananan idanu, sai ta ce da su ɗin take hango ƙwarƙwatar kansu. Ba ta taɓa neman waɗanda suka bayar da ita ba. Wanda ya yar da kai, in ji ta, ai ya san inda ya yar.

Tana da shekara hamsin da bakwai wani mutum ya sayi ƙunshi ɗaya, ya tsaya yana kallonta ya ƙi tafiya.

"Malam, shinkafa ka saya ko fuskata?"

Ya ce sunansa Wai Keong, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma shi ƙaninta ne. Ya daɗe yana cigiya. Uwarsu tana raye a unguwar Pasir Pinji, ta haura tamanin, ƙafafu sun fara ƙi.

Salbiah ta je, don ita ba ta gudun ido. Ta tarar da wata 'yar tsohuwa a kujerar kaba, mai haɓa irin tata sak. Tsohuwar, mai suna Leong, ba ta jin Malayanci sai na sayen kifi, don haka Wai Keong ya zama tafinta. Tsohuwar ta yi magana mai tsawo, shi kuwa ya ce, "Ta ce sannu da zuwa, Yaya."

"Tambaye ta, don me ta bayar da ni?"

Ya tambaya. Tsohuwar ta yi ta zuba tana dukan hannun kujera, har da nuna ƙofa.

"Ta ce zamanin ne da wuya."

Wadda ta tsufa a kasuwa ba a tauye mata mudu ba ta gane ba. Salbiah ta koma gida da abu ɗaya a ranta: za ta yi tambayar nan da bakinta, ta ji amsar da kunnenta, kafin tsohuwar ta tafi da ita kabari.

Rumfar da ke jikin tata ta Foong Siew Kuen ce, wata 'yar Sinawa mai sayar da tsiron wake. Sun shekara da shekaru suna faɗa kan wadda ruwanta ke gangarowa ƙarƙashin teburin wata. Salbiah ta tsallaka ta ce a koya mata Kantonanci, harshen Sinawan da tsohuwar ke yi.

"Ke Hajiya, da wannan furfurar? Aku ma da ƙuruciya ake koya masa."

"Za ki koya min ko in nemi wadda ta fi ki iyawa?"

"Wa ya fi ni a garin nan? Zauna."

Gaskiyar magana, Siew Kuen yunwar ɗalibi take ji. Jikokinta Mandarin, Sinancin da ake koyarwa a makaranta, da Turanci kawai suke yi, in ta yi musu magana da harshen gida sai su gyaɗa kai idonsu na kan waya. Wannan na ci mata rai ƙwarai, ga shi yau an kawo mata ɗaliba har rumfa.

Ba ta da littafi, ba ta kuma yarda da shi ba. Daga ranar ta daina amsa wa Salbiah da Malayanci, ko da gobara ce. Ta bi abokan cinikinta Sinawa ɗaya bayan ɗaya ta ce duk mai sayen shinkafar Hajiya ya saya da Kantonanci, in ta yi kuskure ya yi mata dariya son ransa. Suka kuwa karɓi aikin hannu biyu. Da rana in kasuwa ta yi sanyi, sai ta kunna wasan kwaikwayon Hong Kong a ƙaramin talabijin, ta ce Salbiah ta faɗa mata wa ya cuci wa. Kamar kowa a Ipoh, Salbiah ta daɗe da sanin ƙirga da zagi. Ɗaga murya da sauke ta ne suka ba ta wuya.

"Malama, ai haka kika faɗa."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ke kiran akuya kike yi. Sake."

Ta sake, ta kuma sakewa. Kunyar kuskure ba ta cikin halinta. Tana ci gaba da zuwa Pasir Pinji duk mako, amma ba ta gaya wa kowa a gidan tana koyo ba. Sai ta zauna ta kasa kunne, Wai Keong na ta yanka mata magana ƙanana-ƙanana. Watanni suka shuɗe, kalmomi suka fara fitowa daga cikin hayaniyar ɗaya-ɗaya. Jimlar farko da ta kama cikakkiya ita ce wadda tsohuwar ta yi wa ɗanta tana nuna ta da haɓa.

"Kwikwiyar nan ta ci abinci kuwa?"

"Tana tambaya ko kin ci abinci, Yaya," in ji Wai Keong.

Salbiah ta ce ta ci. Ta ƙara kasa kunne, ta ji sunan ya sake fitowa, ya kuma sakewa. Ashe tun ranar farko da shi ake kiranta. Ita da ko inuwar kare ba ta so kusa da tukunyarta, uwar da ta haife ta ba ta da sunan da za ta ba ta sai wannan. Ta yi kuka a motar haya har gida, abin da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Kwanaki ba ta tsallaka rumfar Siew Kuen ba, sai ita malamar ce ta leƙo.

"Makarantar ta ƙare ke nan?"

"Na ji abin da zan ji."

"Me kika ji?"

"Ba ruwanki."

"To, ki riƙe abinki. Amma wanda ya iya ji bai iya tambaya ba, gara kurma da shi. Ke da kika zo don tambaya ɗaya, kin yi ta?"

Ba ta yi ba. Ranar Talata ta rufe rumfa da hantsi, lokacin da ta san Wai Keong na wurin aiki, ta nufi Pasir Pinji ita kaɗai. Ta ja kujera gaban tsohuwar, ta buɗe baki da Kantonanci ta ce, "Mama."

Tsohuwar ta zabura ta toshe mata baki da tafin hannu, idonta na kan ƙofa.

"Kul. Gwaggo za ki ce. Wa ya koya miki magana?"

"Mai tsiron wake. Gwaggo, don me kika bayar da ni? Don me kike ce min kwikwiya?"

Tsohuwar ta gyara zama. Da ta fara magana a hankali ta yi, yadda ake yi wa yaro, Salbiah kuwa ta kama kusan duka.

"Uku na haifa kafin ke, can a bukkar bakin ramin kuza. Na ba su sunaye masu daɗi, na yi ta nuna su ga mutane. Babu wanda ya yi shekara. Abubuwan nan da ke yawo, in suka ji uwa na ji da ɗanta sai su zo su ɗauka. Da kika zo na ce wannan ba mutum ba ce, kwikwiya ce, wa zai so ta? Duk da haka kika kama zazzaɓi. Sai na kai ki gidan da ba su san ƙofarsa ba, gidan masu wani harshe da wani addini. Na tafi ban waiwaya ba, don kar su bi idona." Ta kama hannun Salbiah ta juya shi. "Wancan sakaran ƙanin naki kunya yake ji ya faɗa wa hajiya haka. To ga ki nan, har da furfura. Na ci su."

Salbiah ta san rai na Allah ne, ta kuma san ruwan ramin kuza ya kashe jarirai da yawa. Amsar tana bakinta, har ta iya faɗinta da Kantonanci. Amma ta ga tsohuwar har yanzu tana satar kallon ƙofa, tana gadin 'yar da ta kusa sittin, sai tausayi da ƙauna suka cika ta, ta haɗiye.

"'Ya'ya nawa gare ki?" in ji tsohuwar cikin raɗa.

"Huɗu, duk suna raye. Jikoki kuma..."

"Yi a hankali. Yaya suke?"

Salbiah ta dubi ƙofar ita ma, ta share ido da gefen mayafi.

"Munana ne, Gwaggo. Duk cikinsu babu na kallo."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari.

"Madalla. Kawo min su ranar Lahadi."