Baba Goni da monitan da na sayar masa

Ina cikin ɗaga ƙofar shago da safen nan aka kira ni a waya, wai Baba Goni Kyari na Ƙofar Mata ya cika bayan asuba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna zan yi kuka, sai na tuna yadda muka haɗu, dariya ta ƙwace min. Allah Ya yafe min, shi ne ya saba min da ita.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Goni marubucin Alƙur'ani ne da hannu, irin mutanen Barno ɗin nan da kakanninsu suka zauna a cikin gari tun tuni. Ni kuwa kun san ni, kwamfutar gwanjo nake sayarwa, kuma bakina ne jarina.

'Yarsa Falmata ce ta kawo shi shagona. Idonsa ya fara gajiya, sai ta riƙa yi masa sikanin, wato ɗaukar hoton shafukan da ya rubuta ta sa a kwamfuta, don ya duba wasulla a babban allo kafin ya ci gaba. Monita suke nema, wato allon kwamfuta.

To akwai wata dabara da muke yi wa dattawa. Sai ka shiga setin kwamfutar ka rage rizolushin, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, komai ya kumbura ya yi ƙato. Dattijo yana gani zai ce masha Allah, ya zaro kuɗi. Abin da ba ma faɗa shi ne, kowane monita yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su. In ka ba shi ƙasa da haka, sai ya ja hoton ya shimfiɗa, gefen haruffa ya yi dishi-dishi.

Haka na yi wa Baba. Ya saya, har da addu'a.

Bayan kwanaki Falmata ta dawo fuska ba walwala. Ta ce Baba ya ajiye alƙalami, saura izu bakwai ya kammala mus'hafin da yake cewa shi ne na ƙarshe. Wai ya ga rubutunsa a allo kamar tawada ta jiƙe, ya ce hannunsa ya fara rawa, kuma ba zai taɓa maganar Allah da hannu mai rawa ba.

Na ce ai takardar tana gabansa. Ta ce ya ce idonsa kara yake yi masa, amma na'ura ba ta san kara ba.

Jama'a, na sha sayar da kaya da daɗin baki, amma ban taɓa raba mutum da sana'ar kakanninsa ba. Na rufe shago na bi ta.

Na same shi a soro. Na durƙusa na ce, “Baba, hannunka lafiya lau. Ni ne mai rawar.”

Na mayar da rizolushin kan nasa na asali, na ƙara girman rubutu ta inda ya kamata, na buɗe shafin. Baƙin ya fito tar, jan wasali ya tsaya shi kaɗai, har inda alƙalami ya ɗaga ana gani.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, “Malam Nafi'u, wato kwana tara ina zagin hannuna, ashe ɓarawon yana kasuwa yana cin gurasa?”

Na ce, “Baba, tuba nake.”

Ya ce, “Tubar ɗan kasuwa sai da shaidu. Falmata, kawo masa shayi, ki zama shaida.”

Tun ranar na zama ɗan gida. In na jima ban leƙo ba, sai ya aiko a tambaya ko na sami wani tsohon ne. Da matata ta haihu, shi ya yi wa yaron huɗuba, ya ce Allah Ya ba shi bakin ubansa, ban da halin.

Ranar Juma'a ce haɗuwarmu ta ƙarshe. Ya sa na wanke hannu, ya ɗora min shafin ƙarshe, tawadar ma ba ta gama bushewa ba. Izu sittin cif.

Ya ce, “Duba da kyau, kai ne injiniya. Akwai rawa?”

Na ce babu.

Ya ce, “To na sallami hannun, ya huta.”

Allah Ya jiƙan Baba Goni, Ya sa kowane harafi da ya rubuta ya tsaya masa ranar da ido ba ya amfani. Allah Ya ba Falmata da 'yan uwanta haƙuri.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa. Wanda ba zai samu zuwa ba, don Allah kar ka danna min alamar kuka ka wuce. Ɗaga hannu ka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ka kira sunansa.