Malama Patcharin, Masu Jan Wutsiya Sun Fito

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Malama Patcharin Saengkaeo, mai binciken halittun ruwa, ta rasu a birnin Khon Kaen bayan jinyar wata biyu. Labarin ya iske ni a ƙofar ɗakin haihuwa, ina rungume da jikata ta fari. Har yau na kasa zama wuri ɗaya. In na leƙa fuskar jaririya sai dariya, in na fito tsakar gida sai hawaye.

Malama, shekara shida ke nan da kika zo ƙauyenmu kika tsuguna a bakin kududdufin gonata, kina kallon ƙananan jatan landen nan masu iyo a rigingine, waɗanda muke kira masu jan wutsiya. Mu abin miya muka ɗauke su. Ke kika ce na gonata ba su da suna a kowane littafi, kuma ba a raɗa wa irinsu suna sai an duba ƙahon namiji balagagge.

Saboda ke na shiga makarantar yamma ina da shekara hamsin da takwas. Kin ce kwalbar da ba a rubuta mata rana da wuri ba, ruwa ce kawai. Da na kawo miki rubutuna na farko, karkatacce, ba ki gyara ko harafi ɗaya ba. Haka kika manna shi a jikin kwalbar.

Bara na samu maza tara, na ajiye su da rai a kwano kafin ki iso. Na je sayo kwalabe, na dawo na tarar matata Nuanchan ta soya su da ƙwai. Kin zo daga nesa, ta ajiye miki su da shinkafa mai danƙo.

"Iya, maza nawa ne a ciki?" kika tambaya.

"Wa ya tsaya duba musu wando? Ci kafin ya huce."

Kika yi dariya har kika ƙware, kika cinye, kika ce, "Baba Khamphan, ƙwansu na nan cikin busasshen taɓo. Mu jira damina." A cikin wancan satin kududdufin ya ƙafe.

Ruwan bana ya sauka kwana uku bayan an ƙona gawarki bisa al'adarmu. Sun fito, Malama. Kullum da asuba ina can da rariya. Jiya na tsamo maza biyar na sa a sinadarin da kika bar mini, na rubuta rana da wuri. Amma ban san ko ƙahonsu ya gama girma ba, ke ce mai ganewa. Ruwan kuwa na ja baya, bai fi sati biyu ya rage ba, kuma mai ƙasar da nake haya zai cike wurin bayan girbi.

Don haka nake roƙon abokan aikinta da ɗalibanta: wanda ya karanta wannan ya hau motar ƙauyenmu, Ban Khok Sila, ya tambayi gidan da aka yi haihuwa. Takardunta na wurin mijinta. Ku zo ku ƙarasa, ku sa wa halittar nan sunanta.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta, Malam Prasit, da 'ya'yansu biyu. Na kai wa sufaye abinci, na zuba ruwa a ƙasa don ladar ta iske ki. Rahama ta lulluɓe ki, ki sauka inda babu ciwo. Ni zan koma bakin ruwa, in jira wanda zai zo.

Khamphan Thongla